Ranar da Baba ya ari kaskon gyaɗar Inna

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karatun ƙarafa, na zo hutu gida Shagari. Babana maƙeri ne, kuma karatun nan nawa dariya yake ba shi. Yakan ce, "Mace da ilimin ƙarfe, ko masaba ba ta iya ɗagawa." Gaskiyarsa kuwa, ko cokali ban taɓa miƙarwa ba.

Wata safiya wani manomin albasa daga Mandera ya zo hankali tashe. Injin ban ruwansa ya faɗo daga amalanke, kunnuwa biyu na murfin gefe, inda ake ɗaure noti, sun lanƙwashe, mai yana ta zuba. Ya zaga Bodinga bai sami irinsa ba, ga albasa kwana uku ba ruwa.

Baba ya ɗora murfin a uwar maƙera, ya ba kunne ɗaya masaba sau biyu. Ƙas! Ya ɓalle. Manomin ya dafe kai yana salati. Idan na biyun ya bi sahu, murfi ya tashi aiki, albasa ta ƙone, sunan Baba kuma ya zube.

Na kawo wa Baba fura ne, ina tsaye bakin ƙofa. Na ɗauki guntun, na ji ba nauyi ko kaɗan. Na ce, "Baba, don Allah a dakata."

Ya ce, "Mi kika sani a nan?"

Na ruga na ɗauko lemun tsami, na kankare guntun na matsa masa. Sai ga kumfa. Alminiyam ba ya haka. Na ce, "Wannan ba alminiyam ba ne, wani ƙarfe ne da ake kira magniziyam. Cikinsa jere yake kamar saƙar zuma, kusurwa shida-shida, hawa kan hawa. In yana da sanyi, hanya ɗaya kawai yake iya zamewa, kamar tabarmi da aka jibga. Ka tilasta masa wata hanyar, sai ya tsage. Amma in ya ɗumama, sauran hanyoyin suna buɗewa."

Baba ya kai hannu ga zugazugi. Na ce, "A'a Baba! In ya kama wuta, ruwa ma ƙara masa haushi yake."

"To, da mi za a ɗumama shi? Da bakinki?"

Wallahi nan littafina ya ƙare. Sai ƙamshin gyaɗa ya bugo ni daga cikin gida, Inna tana suya a cikin yashi. Zafi ko'ina daidai, kuma ba harshen wuta.

Inna ta yi ta faɗa, wai mun rasa abin soyawa sai ƙarfe, amma ta ba da kaskon. Muka binne murfin a yashin, aka ƙara itace. Ni kuwa a takarda kawai na san abin nan. Da ya yi zafi, Baba ya kama kunnen da awartaki, ba duka, yana danna shi a hankali. Ya ɗan tafi. Aka mayar yashi, aka sake. A karo na uku ya miƙe sarai. Wanda ya ɓalle kuma Baba ya yi masa maƙali da ƙarfe. Kafin la'asar ruwa na gudu a gonar albasa.

Da manomin ya dawo godiya, ina jin Baba daga zaure yana cewa, "Ba ni za ka yi wa ba. Ɗiyata ce."

Tun daga nan na sha karɓar takardun shaida, amma ba wadda ta kumbura mini kai kamar wannan magana. Na kuma gane rabin aikin nawa ne kawai: ni na san dalili, hannun da ya san daidai inda zai tsaya na Baba ne.

Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Amma har ya daina ƙira, kullum akwai lemun tsami ajiye kusa da masabarsa.