Tautau a Furen Kuɓewa

Tun yarona bai iya zama ba nake fargabar ranar yaye. A gidanmu na Kebbe, in lokacin cire yaro daga nono ya yi, kakarsa ce ke zuwa ta ɗauke shi, sai ya manta da nonon a maido shi. Wani ya yi wata guda, wani kuma shi ke nan, ya zama ɗan kaka. Haka aka yi wa yayata. Yau yaron nata yana makaranta a can, in ya gan ta gaisuwar baƙuwa yake mata. Ni kuwa aure ya kawo ni Tambuwal, kuma hanyar Kebbe da damina ba ta bari in leƙa in dawo ba ce.

Ga shi ɗan fari ne. Ɗan fari ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban manya, balle ki buɗe baki ki ce a bar miki shi. Sai na kama ƙafa da gwaggona, ƙanwar mahaifinmu. Ita ta yi ta lallaɓa Inna, mahaifiyata, har ta ce to, tunda ɗakina akwai tsabta kuma idona na kan yaron, in yaye shi da kaina. Ranar har rawa na yi, ƙofa a rufe.

Mijina malamin firamare ne, mutum mai haƙuri, ba ruwansa da zaman majalisa. A daminar nan ya dawo daga Sakkwato da wani ɗan gilashi kamar marfin kwalba, wanda ake maƙala wa waya a kan idonta. In ya maƙala, ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba sai ya cika fuskar wayar. Daga ranar na rasa miji.

Ina da 'yar garka bayan ɗaki: kuɓewa, yakuwa, zogale, da kabewar da ta hau danga. Don miya na shuka su. Shi kuwa da ya dawo masallaci, gari na soma haske, sai ya kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar jallabiyarsa, wai da sanyin safiya ƙwari ba su da ƙarfin tashi. Ni ke wanke jallabiyar.

"Malam, ga kunu."

"Tsaya nan! Kada ki motsa, inuwarki za ta hau shi."

"Wa?"

"Zanzaro."

Haka zan ƙame da kwano a hannu yana ƙona ni, saboda kada ran zanzaro ya ɓaci.

Abin da ya fi ci mini rai maganar toka. Kowa ya san in ƙwari suka soma cin ganyen kuɓewa, tokar murhu ake barbaɗa mata da safe, raɓa na jiƙe. Malam ya ce tokar na ɓata masa fure, tana kuma korar masa baƙi. Baƙi fa ya ce. Kullum, "Don Allah ki bari sai jibi." Jibin ba ta zuwa. Ganyen ya koma kamar rariya.

Hotunan dai suna da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Ya nuna mini ƙudan zuma da wani ƙunshi rawaya a ƙafafunsa na baya, kamar ya ɗauro kurkum daga kasuwa. Ya nuna mini cikin furen kuɓewa, can ƙasa ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya ji jiƙo, ni da nake tsinkar kuɓewa tun ina yarinya ban taɓa leƙawa ba. Amma da ido ɗaya nake kallo. Ɗayan yana kan yaron, don a lokacin ya iya tafiya, kuma duk abin da ya tsinta sai baki.

Wata safiya na shimfiɗa wa yaron tabarma bakin garka, na ba shi ludayi yana bugawa, na shiga ɗauko tsintsiya. Malam ya ga wani ɗan tautau zaune a leɓen fure. Ya ɗauke shi hoto. Da na fito ya nuna mini. Tautau ya cika wayar, gashi buzu-buzu, manyan idanu baƙaƙe biyu a gaba da ƙanana jere a gefe, ya ɗaga ƙafa kamar zai yi tsalle. Daidai ƙarƙashin ƙafar, can baya cikin dishi-dishi, ga yarona da ludayinsa, kansa duka bai kai idon tautau ɗaya ba. Malam ya ce wannan ne gwanin hotunansa. Bai tambaye ni ba, ya ɗora shi inda duk mai lambarsa zai gani. Matar yayana tana da lambarsa, kuma gida ɗaya take da Inna.

Washegari kafin azahar ɗan kabu-kabu ya sauke Inna a ƙofar gida, laka har gwiwar zanenta. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Ina mijin nau?"

Ta ɗaga yaron, ta tuɓe shi, ta duba wuya, hammata, bayan kunne, tsakanin yatsu. Tana dubawa tana yi masa tsiya. "Maigida, sun bar ka ga dodo ko? Kai ma rago na, ko ludayin ba ka ɗaga mai ba."

Na ce, "Inna, abin ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar wake ba. Gilashin ne ke..."

"Na sani. Ke gani kike ban san waya na ƙara ma abu girma ba? To wayar ta haihe shi? Tautau na ko ba tautau na ba?"

"Tautau ne."

"Ƙaramin tautau fitsarinai ruwan sanyi na? Ba shi ka ɗaye ma yara fata ba?"

Ta zagaya garka, ta ɗaga ganye ɗaya ta leƙo ni ta cikin hujin. "Toka ta ƙare garin ga?" In na ce Malam ya hana, na tona masa asiri. In na yi shiru, ni ce ƙazama. Na zaɓi ƙazantar.

Da Malam ya taso makaranta ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa. Inna ta juya gefe, kamar yadda ake yi da suruki, ta amsa gaisuwa. Sannan ta yi magana da ni, shi yana nan durƙushe.

"Ki tambaya min Malam. Da yag ga abin ga kusa ga yaro, hannu guda gare shi? Na ga aikin wanda yar riƙe waya. Gudan fa?"

Na zuba masa ido ina jira. Mutumin da zai zaunar da ni ya yi ta bayanin idanun tautau har tuwo ya huce. So nake ya ce mata tabarmar na can nesa mana, ya ce hoton ne ya haɗa su. Abin da ya fito bakinsa kawai, "A yi haƙuri, Inna." Suruki ba ya musu da uwar matarsa. Ni kuma ɗan fari ne, in na ce uffan a ce ba ni da kunya. Muka yi tsuru-tsuru mu biyu kamar an kama mu da sata.

Na ɓuya bayan ɗaki na kira gwaggo. Ta ce, "Ɗiyata, ni ma an gwada min hoton ga, ko abinci ban iya ci ba. Mi zan ce mata?"

Da safe ni na haɗa kayansa da hannuna. Inna ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta hau babur. Shi dariya ma yake, yana son ƙarar inji. Na tsaya cikin zaure fuska a bushe, don ba a kuka. Da suka sha kwana na koma na kwashe tokar murhu duka, na juye wa kuɓewa, har furen. Malam yana kallo. Bayan kwana biyu, nono ya cika yana mini zogi ko hannu ba na iya ɗagawa, na leƙa na same shi rub da ciki yana ɗaukar sawun tururuwa a kan tokar.

Sai da aka yanke gero hanya ta bushe aka kawo mini yaron. Ya yi ƙiba, jikinsa sumul, Inna ta riƙe shi da kyau, Allah ya saka mata. Ya iya magana. Ban ji ta farko ba, ban ji ta biyu ba. Da na miƙa hannu sai ya ɓuya bayan zanen Inna, ya leƙo, ya kira ni da sunana gatsau, yadda ya ji ana kirana a can. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Don Allah, in kana da irin gilashin nan, ɗauki ƙwarinka, ban hana ka ba. Amma kafin ka ɗora hoto inda dangi za su gani, ka duba abin da ke bayan ƙwaron, kuma ka nuna wa uwar yaron tukuna.