Jan Ƙyallen da Baba Ya Roƙa

Ni tela ce, kuma ba ni da saurin yarda. Ko mai kawo ɗinki ya cika yi mini murmushi sai na sake auna yadinsa a gabansa. Shi ya sa ranar da Baba ya leƙo ɗakin ɗinkina ya ce, "Uwata, ba ki da ragowar jan ƙyalle?" sai ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Mutumin da ya shekara talatin yana ladanci a masallacin unguwarmu a Maraɗi, wanda ko hularsa fara ce, me zai yi da ja? Na dai ba shi. Bayan kwana biyu ya dawo, wai wancan ya yi kauri, in samo mai shara-shara. Na ce, "Baba, me za ku yi da shi?" Ya ce wani ɗan aiki ne. Baba bai iya ƙarya ba, amma ya iya shiru, kuma shirun nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Na sa masa ido. Sai ga shi yana sayen alawar nan mai jar leda, ya rabar da alawar, ya miƙe ledar da babban yatsa ya tura ƙarƙashin tabarma. Na gan shi yana yanka robar cikin tayar babur siriri-siriri. Da wata ya ƙare, duhu ya kankama, sai ya riƙa hawa kabu-kabu bayan isha'i da 'yar jaka a hammata. Na tsare mai kabu-kabun na titsiye shi. Ya ce sau biyu ya kai shi bakin gonakin Jiratawa, can gefen gulbi, sau ɗaya hanyar Tsibiri, kuma in ya sauka sai ya kunna wata jar wuta ya nausa.

Jan ƙyalle, duhun wata, bakin gulbi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san inda hankali zai tafi. A lokacin kuwa idon Baba ya fara yin hazo, sai na ce shi ke nan, wani ɗan banza ya ja shi wurin boka neman magani. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada tsohon nan ya zubar da sallarsa ta shekara da shekaru a ƙarshen rayuwa. Maimakon in sake tambayarsa, na ɗauki mayafi na tafi wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata. Na san sarai cikin Kawu ba ya riƙe magana, amma na zazzage masa komai. Ya ce in bar masa.

Kwana uku ban ji komai ba, na kasa haƙuri. Na sa maigidana ya goya ni a babur muka bi bayan Baba har Jiratawa. Muka hango shi zaune a kan buzu a bakin wata gonar albasa, jar wutar tana haska cinyarsa. Na dallare masa fuska da wutar salula.

"Kashe, Uwata," ya ce, ko firgita bai yi ba. "Kin makantar da ni."

Tocilarsa ce ta kullum. Ya rufe bakinta da ledar alawa ninki huɗu, ya ɗaure tamau da robar taya. A cinyarsa kaye ne, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, cike da ɗige-ɗige da rubutun ajami. Ya ce kakanmu ya yi ladanci a Tsibiri ba shi da agogo, da taurari yake gane asuba ta kusa, kuma ya koya masa sunayensu da mafitarsu. Yana so ya rubuta kafin idon ya tafi, a cikin gari kuwa fitilu sun cinye sama. Matsalarsa, in ya haska takarda da farar wuta, sai ya ɗaga kai ya ga baƙi ƙirin, ya daɗe kafin idon ya dawo. Wani mushe ne, malamin makarantar boko, ya gaya masa ja ba ta yin haka. Ya gwada ƙyallena, hasken yana tsiyaya ta tsakanin zare.

Na ce, "To me ya sa kuka ɓoye?"

"Ladan yana kallon taurari da dare? Cewa za a yi duba nake yi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ya jawo ni na zauna, muka jira har idona ya saba. Ya nuna mini taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, ya ce in ƙirga. Na ce shida nake gani. Ya ce shi uku, bara kuwa biyar. Ya duƙa ya rubuta shida a kayen. Na so in gaya masa zancen Kawu, sai na ce a raina gobe.

Da asuba wata murya ce ta tashe ni a lasifika, ba tasa ba. Na fito a guje na tarar da shi a zaure yana alwala. Ashe Kawu ya baza maganar, tun bayan isha'in jiya liman ya karɓi makullin masallaci, ya ce masa ya huta haka nan. Ya riga ya sani lokacin da yake nuna mini taurarin.

Na kai wa liman tocilar da kayen, na kwance ledar ninki-ninki a gabansa. Ya jinjina kai, ya ce Allah ya kyauta, maganar ta riga ta yi nisa a unguwa. Makullin bai dawo ba.

Duk ƙarshen wata yanzu ni ke raka Baba, ni ke ƙirga masa. Har yau bai tambaye ni wanda ya gaya wa Kawu ba.