Kawu Bitrus Ba Ya Yanke Gaisuwa

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Kawu Bitrus ya san abu ɗaya: ba ya yanke gaisuwa. In mutum biyu suka haɗu a fim, sai sun tambayi gida, yara, gona, har ciwon ƙafar bara, sannan labari ya ci gaba.

Ƙanin mamata ne. Ya yi suna a wasan talabijin yana fitowa a mai duba tikitin jirgin ƙasa, har ya mutu ana kiransa Mai Tikiti a kasuwar Kafanchan. Da ya koma bayan kyamara yana ba da umarni, burinsa ɗaya ne, masu sharhi su kira shi darakta. Ina! Sun ƙi.

Mai tace masa hoto ya taɓa roƙonsa, "Baba, mu rage gaisuwan nan, ya yi tsawo."

"Kai wa ya rene ka?" in ji Kawu. "Haka kake wuce mutane a garinku?"

Wata rana ana ɗaukar fim a Madakiya, garken wani Ardo ya ratsa gaban kyamara. Kawu ya bar shanun kaf a fim. Aka ce ya rage, ya ce, "Wanne zan cire? Mai shi zai kalla, ya san kayansa!"

Wani mai sharhi a jarida ya rubuta cewa fim ɗinsa na tafiya kamar jirgin kaya, gara ya koma duba tikiti. Abin ya yi wa Kawu zafi ƙwarai, ni na gani. Amma sai ya gayyaci mutumin, ya tare shi a tasha, ya riƙe masa hannu yana gaishe shi. Ya tambayi uwargida, surukai, hanya, damina. Bawan Allah yana ta "Lafiya lau" har mai keken da ke jiransu ya gaji ya tafi. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani, Rahila? Bai yanke ni ba. A takarda ne kawai yake sauri."

Mutumin bai sauya ra'ayi ba. Gaskiya ni ma lokacin ina goyon bayan mai sharhin, don nakan yi gyangyaɗi a finafinan Kawu.

Bara muka binne Mama. Bayan makoki na saka wani tsohon faifansa, inda ya sa ta fito a mai sayar da citta. Kalma biyu aka ba ta. Sai ta manta ana ɗauka, ta gaishe da jarumin tiryan-tiryan, sannan ta leƙa bayan kyamara ta ce, "Bitrus, Rahila ta ci abinci kuwa?"

Bai yanke ba. Na yi kuka har na gode Allah.

Masu sharhi su rubuta abin da suka ga dama. Ubangiji ya ba ka hutawa, Darakta. Ka gaishe mini da Mama, kada ka yi sauri.