Tsumman Idon Balkisa

Daga Fuitanga, Litinin

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da jikata Balkisa, 'yar shekara tara. Idonta na hagu fes yake, amma ba ta gani da shi. Malamin lakkwal, wato makarantar boko, ne ya gano, ubanta ya ce in kai ta Wagadugu, shi yana hanyar Lome da kaya.

Motar ta cika maƙil, har da kaji. A Zorgo jandarma suka sauke mu don duba takardu. Ɗaya ya ce, "Yarinyar ce marar lafiya? Ai ta fi ki ƙwari, tsohuwa." Na yi dariyar yaƙe. Kilomita kamar ɗari da arba'in ne, sai tara da rabi muka iso.

Zongo

Mun sauka gidan ƙanwata Mariyama. Ta kawo mana benga, wake da shinkafa, na kasa ci.

Ta ce, "Yaya, kin zo da ciwon wata, ke ce kika rame."

Na ce gajiya ce. Ƙarya nake.

Fasfanga, Talata

Ƙarfe bakwai ɗan tasi ya aje mu ƙofar asibitin ido. Sai sha ɗaya aka kira mu. Likitar mace ce, da Mosanci muka yi magana. Ta haska, ta ɗiga magani, ta sake haskawa.

Ta ce, "Idon lafiya lau yake. Mama, an taɓa rufe shi tana jinjira?"

Abin da nake gudu tun Fuitanga ke nan. Balkisa na wata biyu idon ya riƙa ruwa in ta ga rana. Ni da ake kira a unguwa kan kowane jego, na ɗaure shi da baƙin tsumma don ya huta. Ya fi shekara a ɗaure. Uwar Balkisa ta yi magana, na ce yaushe aka haife ta.

Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce jinjiri na zuwa duniya hanyar ido zuwa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba. Akwai wani abinci da ƙwaƙwalwa ke bayarwa, nerotrofin, jijiyoyin ido kuma suna da 'yan bakuna na karɓarsa. Jijiyar idon da ke aiki ita ke ci ta yi ƙarfi, ta idon da aka rufe sai a ture ta, kamar 'yan kaji kan tsaba.

Na ce, "To a sayar mana da abincin."

Ta girgiza kai. Ba a sayar da shi, kuma lokacin gini ya kusa wucewa. Abin da ya rage shi ne a riƙa rufe ido mai kyau awa huɗu kullum, ko na hagun zai farka. Ba ta yi alkawari ba.

Gida, Laraba

Mun iso da la'asar, na gode Allah, na gode wa Mariyama. Uwar Balkisa ta tarbe mu a zaure. Na gaya mata duka, ban rage ba. Ta karɓi jakata ta kawo ruwa.

Da safe na manna wa Balkisa abin rufe idon da likitar ta ba mu a idon dama. Ina tsaye gabanta, taku biyu.

Ta miƙo hannu tana lalube, ta ce, "Kaka, kina nan?"