Makullin Mota da Ƙafar Ɗan Kumasi

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni direba ne a gidan wani Balarabe a Madinat Khalifa, nan Doha, kuma mutum ne ni mai baƙar zuciya. Ba a gaya mini magana sau biyu. Na daɗe a ƙasar nan har ina jin kamar ni na shimfiɗa titunanta. Akwai wani magidanci ɗan Zangon Kumasi da muka taɓa zama ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, ni na yi masa hanya kafil ɗina, wato Balaraben nan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya ɗauke shi kuku. Kusan sa'ana ne, amma Yaya yake ce mini, ni kuma ina ce masa ɗan Kumasi. Ko ruwa zai sha sai ya fara miƙo mini. Wannan ladabin nasa ya ƙara kumbura mini kai.

Kafil ɗinmu mai son yawon daji ne. Da sanyi ya shigo a shekarar, shi da abokansa suka shirya tafiya ta mota har Oman, su kwana a tanti, su hau duwatsu. Ni na ja motar kaya, ɗan Kumasi yana gefena, muka ratsa Saudiyya da Imarat muna ta tsokanar juna. Inda muka sauka wani kwazazzabo ne mai zurfin gaske, in ka leƙa ƙasa sai kanka ya juya. Da safe kafil ya ɗauki sandarsa da jakar baya, ya ce mu kafa tantuna a sama kusa da hanya kafin su dawo, ya ce yalla, wato a tafi, suka bi hanyar ƙafa suka tafi.

Sama kuwa dutse ne zalla. Duk turken da na buga sai ya lanƙwashe, ga iska tana fizgar tanti, raina ya ɓaci. Da na duba ƙasa sai na hango farin yashi shimfiɗe cikin inuwa, busasshen kogi sak irin na ƙauyenmu a ƙasar Katsina, inda muke langa da rani, mata suna shanyar wanki, a tona yashi a ɗebi ruwa. Akwai gangarar da mota za ta iya bi, sai na ce can za mu sauka. Ɗan Kumasi ya ce kafil ya ce sama, kuma ya ga allo a bakin hanya da zanen ruwa yana cin mota. Na yi masa dariya, na ce shi ɗan kurmi ne da ya saba ruwa yana dukansa kullum, ni kuwa a bakin irin wannan kogin aka yanke mini cibiya. Na ce watan Janairu ake ciki, tsakiyar rani, wa ya taɓa ganin kogi ya kawo da rani? Ban tsaya na tuna cewa ranin garinmu bai biyo ni Oman ba. Haka na gangara da motar, muka sauke kaya a kan yashin.

Bayan mun yi azahar ya nuna mini wani baƙin hadari can nesa a kan duwatsu. Samanmu kuwa garau, rana tana haskawa. Ya roƙe ni mu kwashe, na ce khalas, wato magana ta ƙare, kada ya sake yi mini maganar. Ina durƙushe ina buga turke da guduma sai na ji ƙarar buɗe mota. Ashe ya ɗauki makullin da na ajiye a kan kular ruwan sanyi. Duk wanda ya yi tuƙi a gidan Larabawa ya san makulli shi ne aikinka, ranar da aka gan shi a hannun wani, ranar aka fara tunanin ko ana buƙatarka. Na finciko shi daga kujera, na zabga masa mari, na ce kuku ne zai tuƙa mini mota? Ya ture ni na faɗi a kan dutse, leɓena ya fashe. Da na ga jinina a tafin hannuna sai idona ya rufe. Gudumar tana hannuna, na ɗaga ta da iya ƙarfina na sauke masa a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin. Ya zube yana ihu yana kiran sunan Allah, ni kuma ina tsaye a kansa ina huci, ina ce masa gobe ma ya ƙara.

Ban rufe baki ba wata iska mai sanyi ta buso da warin taɓo. Sai wata ƙara kamar tireloli sun jero. Na waiwaya, innalillahi, ruwa ne ja wur ya cika kwazazzabon daga bango zuwa bango, yana turo duwatsu da kututturai. Mai ƙafa biyu da gudu zai kai tudu. Shi kuwa na riga na karya masa ɗaya. Na saɓa shi a baya, ƙafar tana reto, na fara hawa, ruwan ya cim mana. Wani dutse ya daki haƙarƙarina, wani ya zubar mini da haƙoran gaba. Ina gani ruwa ya ɗaga motar ya dinga juya ta kamar gwangwanin madara har ta ɓace. Na samu saiwar wata bishiya a tsagin dutse na rungume da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe wuyan hannunsa. Karyayyar ƙafar ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwa yana ja, ina ja, yana ƙara har muryarsa ta dushe. Ya ce, "Yaya, sake ni, kana da yara." Na ce ya rufe mini baki. A haka kafil da abokansa suka same mu, suka jefo igiya daga sama.

A asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Da 'yan sanda suka zo tambaya ina kwance a gadon kusa da shi, na san kurkuku ne da kora ke jirana. Sai na ji ya ce musu dutsen da ruwa ya turo ne ya karya shi, kuma mu biyu muka zaɓi wurin. Na yi shiru, Edita. Matsoraci ne ni, na yi shiru. Muka dawo Doha kafil yana nuna ni ga baƙinsa a majalisa, wai ga jarumin da ya ƙi sakin ɗan'uwansa.

Kuku mai ƙafa ɗaya ba shi da wurin tsayawa a kicin, dole ya koma gida. Ni na tura kekensa a filin jirgi. Za mu rabu ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin nan, ashe yana jikinsa tun ranar. Ya danƙa mini ya ce, "Ga makullinka, Yaya. Ba aikinka nake so ba, sama kawai zan kai motar."

'Yan'uwana masu fita yawon duwatsu, kada ku kafa tanti a busasshen kogi ko da sama ta yi garau, ruwan da zai ci ku a wani wuri ake yin sa. Abin da ka sani a garinku na garinku ne. Kuma in rai ya ɓaci, a fara ajiye abin da ke hannu. Ɗan Kumasi ya ce ya yafe mini, ina taimaka wa iyalinsa da abin da ya sawwaƙa, amma ba ni da ƙafar da zan mayar masa. Mahaifiyarsa ba ta san komai ba. Duk Juma'a sai ta kira ni daga Kumasi, tana sa mini albarka, tana cewa Allah Ya saka wa hannun da ya riƙe mata ɗa. Hannun dama ne, shi na riƙe shi da shi, shi kuma ya ɗaga gudumar. Gobe Juma'a ce, za ta kira, kuma zan ce amin.