Kaset Ɗin da Ya Raba Ajinmu

Ƙarfe goma da minti goma na safe, wata ranar Talata, abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai, domin na buɗe gwangwanin alƙalumana ke nan na duba agogo. Agogon kawuna ne, ya bar mini shi da zai tafi ci-rani shekarar da gero ya ƙone a tsaye. Ya yi wa hannuna yawa, sai nake ajiye shi tare da bik na rubutu da gom na gogewa.

Mu uku ne a gindin bedi, wato dogon yaro, bayan ajinmu a kolej ɗin Tasawa, muna cin gari da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya kamar kullum in an fita rekreyasiyo, hutun safe: ni, da Ɗiyar Likita, da Ɗiyar Fasto. Haka kowa yake kiransu. Su ke nan ƙawayena a duniya. Daga wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe aka kawo ni wurin gwaggota don karatu, kuma na yi wata uku a aji ban yi wa kowa magana ba, kafin su biyun su jawo ni tsakaninsu. Su suke surutu, ni nake saurare, kowa ya samu abin da yake so.

Ɗiyar Fasto ta ce, "Kun ji sabon kaset ɗin mutuminmu? Jiya innata tana daka, ta aje taɓarya ta yi ta hawaye."

Ɗiyar Likita ta ce, "Hawayen mi? Ciwon kunne?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ke, mutumin nan ya lalace. Murya kamar ɗan akuya ya maƙale a danga. Ga gudu, sai ka ce da sanda ake korar shi."

"Gudu? Wa ke gudu? Murya ce ta dattijo, a hankali, kamar mai yi wa mutum gaisuwar rashi."

"To kunnenki na son wanki. Zo asibiti babana shi duba miki, kyauta."

Mutumin namu wani saurayi ne da ba mu taɓa gani ba, an ce a Maraɗi yake. Ba maroƙi ba ne, bai kuma gaji kiɗa ba. Shi yake tsara waƙarsa, shi yake kaɗa jitarsa, kuma ba ya wasa kowa. A zamanin da rediyo ya cika da waƙoƙin ƙungiyar samariya ta gwamnati na yabon sojoji da ci gaban ƙasa, shi waƙarsa ta farko a kan wani jaki ce da ya ƙi tsallake kwalta. Manya suka ce wannan ba waƙa ba ce, surutu ne. Mu kuwa 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, mun haddace kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe. Yanzu kaset ɗinsa na biyu ne ya fito, wanda aka ce ya ƙara jita mai lantarki da gangunan Turawa.

Ni ce mai kaye, wato littafin rubutu, na waƙoƙi a ajinmu. Duk waƙar da ta shigo gari sai na rubuta baitocinta, na ja layi da jan bik a ƙarƙashin amshi. Don haka da gardama ta yi zafi, sai su biyun suka juyo kaina.

Ɗiyar Likita ta ce, "Malama, faɗi gaskiya, kada ki ji tsoron kowa."

Na ce ban ji shi ba tukuna, gwaggota ba ta da rediyo.

Ɗiyar Fasto ta ce, "To ki ji shi. Wadda ba ki zaɓa ba, sai ta san matsayinta."

Na ɗauka wasa ne. Washegari na fito na tarar da kwano biyu, ɗaya a gindin bedi, ɗaya can kusa da sandar tuta, kowace tana yafuto ni. Na koma aji na yi kamar ina kwafar darasin tarihi. Kwana huɗu ina kwafar darasi guda, cikina yana ƙugi.

Kafin mako ya ƙare ajin gaba ɗaya ya rabu. Samari suna musu har a layin ɗaga tuta, a hankali, ta gefen baki. Wani ya ce waƙar rumbu, wadda ke tsakiyar kaset ɗin, siyasa ce, a yi hattara, ba a maganar yunwa da ƙarfi a mulkin soja. Ɗan wani jandarma ya ce a kwantar da hankali, babansa ya saurara sau biyu bai kama ko kalma ɗaya ba. Ni da ba na iya shiga musu, sai na yi abin da na iya. Na buɗe shafin ƙarshe na kayena na raba shi biyu, na rubuta masu so a dama, masu ƙi a hagu. Da na zauna ina duba sunayen sai na ga wani abin mamaki. Masu ƙi duk 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Masu so kuwa 'ya'yan manoma ne, irina. Na yi ta tunanin ko yunwa ce take gyara wa mutum kunne.

Ranar Asabar na fara zuwa gidan Likita da kayena da agogona. Aka shimfiɗa mini tabarma a baranda, Ɗiyar Likita ta danna rediyon babanta ta harɗe hannu tana kallona. Gaskiyarta ne. Mutumin yana gudu, muryarsa siririya, ganguna suna bin shi a guje. Bik ɗina ya kasa cim masa. Waƙar rumbu ta ƙare a minti huɗu, na rubuta a gefe.

"Kin ji ko? Wannan za a yi wa kuka?"

Na ce zan yi tunani.

Gidan Fasto a bakin gari yake, ta hanyar Maijirgi, inda danginsu suke noma. Ranar Lahadi da la'asar na je, bayan sun taso daga coci. Rediyonsu yana da riga ta atamfa da innarta ta ɗinka masa. Aka danna. Sai wata murya mai kauri ta fito a hankali, tana jan kowace kalma, jita tana nishi a bayanta. Da aka zo waƙar rumbu, inda yake cewa ya leƙa ciki ya yi sallama sai muryarsa ta amsa masa, na tuna rumbun babana da na bari a ƙauye, na sunkuyar da kai kamar ina gyara rubutu. Duk da haka ban manta agogo ba. Minti biyar da rabi.

A hanyar gida na yi ta juya abin. Baitocin ɗaya ne, ban sami ko kalma guda da ta bambanta ba. Ina minti ɗaya da rabi ya shiga? Na fara zaton kaset ɗin ne iri biyu, ko da yake wurin mutum ɗaya suka saya a kasuwa. Sai da na yi kwana biyu ina shirya jumlar a zuciyata kafin na iya roƙon Ɗiyar Fasto aron nata. Na ɓoye shi a kayena na kai gidan Likita, na ce ina so in ƙara saurare ni kaɗai. Dattijon gidan Fasto yana shiga rediyon Likita ya zama ɗan akuya.

Da na mayar da kaset ɗin ne na ga abin da ya kamata in gani tun farko. A kan wani faifai, kusa da kuɓewar da aka shanya, ga pil, wato batiran rediyo, huɗu manya suna shan rana. Fasto da kansa ya zo ya ɗauke su, ya bubbuga kowanne da dutse, ya lasa kan ɗaya ya gyaɗa kai, sannan ya zuba su cikin rediyo. A gidanmu ma haka ake yi, a kowane gidan manomi haka ake yi a wannan shekara. Wanda yake cin jar dawar taimako ba ya sayen sabon pil. Sai rediyo ya yi ta jan kaset da ƙyar, kamar jakin da ya kwana bai ci ba.

Na yi murna ƙwarai. Na ɗauka na samo maganin rigima, tunda ba wadda ta yi ƙarya. Ranar Alhamis da rana, da yake ba lakwal, na lallashi Ɗiyar Likita ta cire pil ɗin babanta ta biyo ni gidan Fasto. Ba su gaisa ba, kowace ni ta gaisar. Na karanta musu bayanina daga kaye, da lamba ɗaya, lamba biyu, har biyar. Aka fara da tsofaffin pil. Ɗiyar Likita ta saurari waƙar rumbu shiru, har na ga ta daina kaɗa ƙafa. Sannan na sa sababbin.

Innar Ɗiyar Fasto ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, wa ya canza mana kaset? Ku cire wannan yaron ku maido malamin nan."

Ɗiyar Likita ta fashe da dariya har ta kwanta a tabarma. "Wayyo cikina! Ashe mataccen pil kuke ma kuka! Ku kai shi maƙabarta mana, mu zo gaisuwa!"

Ɗiyar Fasto ta miƙe. Ta buɗe bayan rediyo, ta zazzage sababbin pil ɗin a ƙasa, sannan ta dube ni.

"Kin ji daɗi, Malama? Abu ɗaya ke sa innata ta zauna ta huta a gidan nan, kin zo da agogonki kin ce babu shi."

Na juya wurin Ɗiyar Likita ko za ta taimake ni, sai na ga ita ma ta daina dariya tana kakkaɓe ƙasa daga pil ɗin babanta. Ta ce, "Ni ma kin ɓata mini. Yanzu in na koma gida ɗan akuyan zan ji, alhali na san akwai wancan." Ta tafi ba ta jira ni ba.

Ranar Juma'a ba wadda ta yafuto ni. Kwano biyu suna nan, amma ba nawa a ciki.

Abu ɗaya ya rage mini. Idan har akwai muryar gaskiya ta mutumin nan, wanda ya sayar da kaset ɗin ya san ta. Na gaya wa kowace, a takarda, cewa ranar kasuwa zan je in tambaye shi. Ban zaci za su zo ba. Suka zo, kowace don ta ga an kunyata ɗayar, suka tsaya nesa da juna a bayana kamar masu rakiyar fursuna.

Mai kaset wani dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare, rumfarsa tana tsakanin masu gyaran keke da masu sayar da igiya. Rediyo biyu ne a gabansa, an haɗa su da waya, da su yake kwafar kaset. Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana ba a rayuwata. Na gaishe shi sau biyu bai ji ba, sai da Ɗiyar Likita ta ce daga baya, "Baba, magana take maka, haka muryarta take." Na buɗe kaye na karanta masa komai, da minti huɗu, da minti biyar da rabi, da faifan kuɓewa. Masu gyaran keke suka bar aiki suka matso. Na ƙare da tambayar da na ja wa layi da jan bik: a cikin biyun, wace ce muryar mawaƙin ta gaskiya?

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya dubi rediyonsa biyu, ya dubi ƙawayena ɗaya bayan ɗaya, kamar mai auna ko ya faɗa ko ya bari. Sannan ya sa na maimaita wace ce mai sabon pil, wace ce mai tsoho. Na nuna masa su.

Ya ce, "Ɗiyata, ba ko ɗaya. Ranar da na kwafi kaset ɗin ga, wannan rediyo mai waƙar batirin mota gare shi, wannan mai ɗauka kuwa pil ɗin shi sun gaji, yana ja a hankali. Shi ya sa in kin sa sabo, sai mutumin ya ruga. In kin sa matacce, sai ya tsufa. Duk Tasawa ba wanda ya ji shi yadda yake. In kuna son ku ji shi, ki amshi pil biyu wurin wannan, biyu wurin waccan, ki haɗa su a rediyo ɗaya. Amma ku zauna tare, don ba wadda za ta yarda ta bar nata a gidan wata."