Kawu Sale da "Thither" Ɗinsa

Duk wanda ya san Kawu Sale a Garuwa ya san sandarsa, ya kuma san kalmarsa. Ka tambaye shi ina za shi, sai ya ɗaga sandar nan ya nuna gaba, ya ce, "Thither!" Wai "zuwa can" ke nan da Turancin Ingila. A bakin wani tsohon kyaftin ya tsince ta, lokacin da yake kuku a jirgin ruwan da ke zuwa ɗaukar auduga in Binuwai ta cika. Da ita kaɗai ya zama Baturen unguwarmu, sarautar da yake ji da ita fiye da rawaninsa.

Har ƙa'ida gare ta. Na taɓa nuna buta na ce tana thither, saura kaɗan in sha sanda.

"Kai, Isa! Buta tafiya take yi? Kalmar matafiya ce!"

Wata rana jandarma ya tare shi, ya daka masa tsawa da Faransanci, "Tu vas où?" Wato ina za ka.

"Thither!"

Jandarma ya bi sandar da ido, ya ga hanyar gidan gwamna ce, sai ya ƙame ya sara masa. Alhali kifi Kawu za shi saye!

Bayan an haɗe Kamaru biyu, aka turo wani malamin makaranta daga Bamenda, ɓangaren masu Turancin Ingila. Unguwa ta taru ta ga karon Turanci da Turanci. Kawu ya sha babbar riga, ya jefa masa kalmar. Malamin ya sosa ƙeya, ya ce bai taɓa jin ta ba.

"Lalala!" in ji Inna Hajara, matarsa. "Ashe shekara talatin Turancin kifi muke ji!"

Kowa ya yi dariya, ni kuwa tausayinsa ya kama ni. Kwana uku Kawu bai leƙo ƙofar gida ba. A na huɗu sai ga malamin da ƙamus a hammata, yana haki.

"Baba, akwai ta! Amma an rubuta Turawa sun daina faɗinta tun zamanin kakanninsu."

Kawu ya gyara hula. "Su suka daina. Ni aka bar wa ajiya."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na ce masa in ya warke za mu je bakin kogi. Ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa sama, babu sanda.

"Thither, Isa. Wannan karon tafiyar ta gaske ce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke shi lafiya, ya sa can ɗin da ya nuna Aljanna ce.